Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Wa Zai Ja Ragama Idan An Yi Mana Kutse?

'Yan'uwa malamai, a yau sirrin kowannenmu yana cikin na'ura. Lambar BVN da ta NIN, asusun da albashi ke shiga, sunayen ɗalibanmu da lambobin wayar iyayensu, duk suna ajiye a kwamfutocin ofisoshi da wayoyin shugabannin makarantu. Mun saba duba ko an kulle ofis kafin a tashi, amma ba kasafai muke tambayar wanda zai ja ragama ranar da ɓarawon intanet ya shigo ba. A ganinmu, amsar wannan tambaya ta fi sayen sabuwar na'ura muhimmanci.

Akwai darasi a abin da ya faru a Ingila a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati da dama, har aka soke ganawar marasa lafiya da likitoci kimanin 19,000. Kamfanin Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Binciken da hukuma ta yi daga baya ya nuna cewa akwai tsarin tunkarar kutse a rubuce, sai dai ba a gwada shi a asibitocin ba, don haka da farko ba a san wanda ke jagoranci ba. Ƙasar tana da kuɗi da ƙwararru, shugabanci ne ya yi rauni.

Mu ma a nan gida doka ta ɗora nauyi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da su. Kwana uku ke nan, kuma sukan ƙare ana nuna wa juna yatsa idan babu jagora.

Siffa ta farko da ake bukata ga wannan jagora ita ce sauƙin kai. Duk malamin firamare ya san cewa yaron da ke tsoron bulala yakan ɓoye abin da ya fasa. Haka malamin da aka yaudara ya karanto wa baƙuwar murya lambobi shida na WhatsApp: idan ya san za a yi masa dariya a ɗakin malamai, zai yi shiru, ɓarawon kuwa yana ta roƙon kuɗi da sunansa a zauren ƙungiya. Jagora nagari yakan gode wa wanda ya kawo rahoto da wuri, ya ajiye neman mai laifi sai wuta ta mutu.

Ta biyu ita ce natsuwa da raba aiki. Wani ya kira banki a rufe asusu, wani ya cire lambar da aka sace daga zaure ya gargaɗi membobi, wani ya rubuta abin da ya faru da lokacinsa, domin 'yan sanda za su bukace shi. Jagoran da ya rungume komai shi kaɗai jinkiri yake ƙarawa.

Ta uku ita ce faɗin gaskiya. Idan lambobin iyaye sun fita, a gaya musu a ranar, cikin Hausar da za su gane, kafin wani ya kira su da sunan makaranta yana neman kuɗin jarrabawa. Rufa-rufa tana kare mutuncin ofis na ɗan lokaci, ta bar talaka a hannun macuta.

Wani zai ce makarantun da ke fama da ƙarancin alli da kujeru ina su ina wannan magana. Amsarmu ita ce abin da muke nema bai bukatar kasafi. Reshenmu ya kafa kwamitin mutum biyar, da jagora da mataimaki, a zaɓe su bisa amana da saurin ɗaga waya, ko da ba su ne mafiya daɗewa a aiki ba. A manna lambobinsu a takarda a kowane ofis, a kuma gwada tsarin sau ɗaya kowane zango. Wudil tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, tana da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda. Takardar gayyata ɗaya za ta iya kawo mana masanin da zai horar da kwamitin.

Iyaye sun damƙa mana 'ya'yansu tare da bayanansu, kuma duka biyun amana ce. Muna roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu a ajandar taro mai zuwa, a fita daga taron da sunayen mutum biyar ɗin a rubuce.