Iyafis: Zaɓin sauti namu ne, amma ba a sayar da kunne a kasuwa

Makon jiya muna tafe daga Ƙofar Nassarawa zuwa Kasuwar Kurmi, sai muka tarar da ɗalibai biyu suna gardama a kan iyafis guda. Ɗaya ya ce ba shi da daɗi tunda bes ɗinsa ba ya dukan ƙirji. Ɗayan ya ce shi burinsa ya ji kalmomin mawaƙi ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu yana da gaskiyarsa.

Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sauti daga hertz 20 zuwa 20,000. Mu tuna Hawan Daushe a Ƙofar Kudu: tambari yana da kaurin amo, algaita siririya ce, muryar maroƙi kuma tana tsakaninsu. Haka ikwalaiza take raba sauti a cikin saitin wayoyi da yawa: kauri a hagu, murya a tsakiya, siriri a dama.

Idan karatun Alƙur'ani ko darasi za mu saurara, mu rage bes, mu ɗan ɗaga tsakiya, sai harufa su fito sarai. Idan waƙar Mamman Shata ce, bes mai yawa yakan binne muryarsa da zaƙin kalangu. Dabarar ita ce mu rage abin da ya yi yawa, kada mu ɗaga komai sama. Mu gwada da waƙar da muka sani sosai, mu tsaya inda ya yi mana daɗi, ko da na abokinmu ya bambanta.

Inda babu zaɓi shi ne ƙarfin sauti. A cikin A Daidaita Sahu, hon da hayaniyar titi kan sa mu ƙure ƙara ba tare da mun lura ba. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke aika sauti zuwa ƙwaƙwalwa, kuma idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na fuskantar haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro. A ma'auninta, babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 kacal ya rage. Ɗalibin da jinsa ya raunana zai sha wahalar jin malami daga bayan aji.

Saboda haka, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma mu riƙa hutar da kunne. Mu duba robar iyafis: idan ba ta toshe kunne daidai ba, bes yana zurarewa, shi ya sa muke ƙara ƙarfi. Sauya roba ya fi ƙara sauti. Mu cire shi yayin tsallaka titi. Idan kunne ya ci gaba da ƙugi bayan mun cire, mu gaya wa iyaye a je asibiti.

Ga aikin wannan mako: mu sa iyafis, mu ce ƙani ya tsaya kusa da mu ya yi magana. Idan ba mu ji shi ba, mu rage. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.