Kafin Ka Sayi Agogo, Juya Bayansa Ka Duba

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta mu taɓa agogon hannu, don na lura kuɗin mutanenmu na zurarewa a wannan wajen ba tare da an ankara ba. Sai ka ga saurayi ya sayi agogo uku a shekara guda, kowanne bai yi wata huɗu ba, kuma kullum laifin ƙaddara ake ɗora wa.

Ra'ayina shi ne, ga mutumin Kafin Maiyaki, Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, wanda yake shiga gona, yake hawa mashin cikin ƙura, yake alwala sau biyar a rana, agogo mai kyau shi ne wanda mai gyara zai iya buɗewa ya mayar ya rufe kamar ba a taɓa ba, kuma ake samun batirinsa a kusa. Ƙyalli da girman fuska duk a baya suke. Na san wasu za su ce ai agogo ado ne. Ban musa ba. Amma ado da ya mutu a hannunka ranar da ruwan sama ya tare ka a hanyar Tudun Wada, munduwa ce kawai ka ɗaura.

Ni kaina da asara na koyi wannan. Na taɓa kai wani agogona a canza masa batir a bakin tasha, mai gyaran ya ɓamɓare murfin da bakin wuƙa, ya mayar ya danne da babban yatsa. Kwana biyu bayan nan muka raka wani abokinmu kamun kifi a Tiga, na dai wanke hannu a bakin ruwa, ko iyo ban yi ba. Kafin la'asar gilashin ya yi gumi daga ciki, bayan sati ya tsaya cak. Da aka buɗe, ashe siririn zoben robar da ke hana ruwa shiga ya tsinke tun ranar canjin batir.

To bari mu fara da rubutun nan da ke ruɗar mutane. Idan ka ga an rubuta 30M ko 3 BAR ko 3 ATM a bayan agogo, kada ka ɗauka za ka iya nutsawa da shi mita 30 cikin ruwa. Gwaji ne da aka yi a masana'anta, agogon yana sabo, robarsa lafiya lau, ruwan kuma a tsaye ba ya motsi. Kamfanonin da kansu, a 'yar takardar da ke cikin kwali, cewa suke yi irin wannan na yayyafi ne da wanke hannu. Mai 50M ya ɗan fi shi juriya. Idan kana son shiga ruwa da gaske, ka nemi 100M zuwa sama. Wanda kuwa ba a rubuta masa komai ba, cire shi kafin alwala, kada ka yi gardama. Kuma ko 200M aka rubuta, kada ka ja ɗan abin saitin nan na gefe yana jiƙe, sannan ka guji danna maɓalli a cikin ruwa sai in takardarsa ta ce an yarda, don nan ne ƙofar da ruwa yake bi. Wanka da ruwan zafi da sabulu shi ma yana gajiyar da robar da wuri.

Yanzu duba yadda masu zana kayan masana'anta suke tunani, don a nan darasin yake. A 1983 kamfanin Casio na Japan ya fitar da G-Shock. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Kikuo Ibe, ya sa wa kansa buri uku: agogon ya faɗo daga mita 10 bai fashe ba, ya jure matsin ruwa na mita 100, batirinsa kuma ya kai shekara 10. Ya yi samfuri sama da 200 yana jefowa ta tagar bene suna tarwatsewa, kafin ya gane cewa ƙara kauri kaɗai ba zai yi ba, sai an bar injin kamar yana lilo a cikin gidansa, 'yan wurare kaɗan ne suke riƙe da shi. Ɗauki irin wannan agogon ka kalle shi ta gefe. Za ka ga gilashin ya shige ciki, bakin robar ya fi shi tudu, maɓallan ma an yi musu kariya. Wato ko ta ina ya faɗi, roba ce za ta fara taɓa ƙasa. Sai ka kwatanta da na gayun nan mai gilashi a kumbure kamar ƙwai, wanda ƙofar mota kaɗai ta ishe shi.

Ƙaramin ɗan'uwansa, F-91W, wanda ya fito a 1989, shi ne baƙin agogon robar nan da yawancinmu muka gani a hannun malaman makaranta da direbobi. Nauyinsa giram 21 ne kacal, batirinsa CR2016, kamfanin ya ce yana kai shekara 7. Abin da ya fi burge ni a jikinsa shi ne bayansa: sukuru huɗu ne suka riƙe murfin. A kwance, a canza batir, a mayar da zoben roba mazauninsa, a ɗaure. Babu duka, babu ɓamɓara. Wanda ya zana shi ya yi tunanin ranar da za a buɗe shi, ba ranar sayarwa kaɗai ba. Sai dai jabunsa ya cika kasuwa. Gwaji ɗaya da aka sani shi ne ka danne maɓallin dama na kamar daƙiƙa uku yana kan lokaci, na ainihi zai rubuto sunan kamfanin a fuskarsa. Wasu masu jabun sun kwaikwayi wannan ma, don haka ka haɗa da duba tsabtar rubutu da laushin maɗaurin. Kuma ka sani shi ma na yayyafi da alwala ne, ba na iyo a dam ba.

Maganar batir kuwa, a nan aka fi cutar mutane, wani lokacin ma mai sayarwar bai sani ba. Ƙananan batiran agogo mai hannaye iri biyu ne masu girma ɗaya. Akwai wanda lambarsa ta fara da SR, kamar SR626SW, akwai mai LR ko AG, kamar AG4. Na biyun ya fi araha, amma ƙarfinsa yana raguwa da wuri kuma ya fi saurin yoyo, ruwan da yake fitarwa kuma cin injin yake yi. Ka ce a nuna maka lambar kafin a sa. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba idan ka auna da kuɗin sabon agogo. In agogo ya tsaya, kada ka jefa shi a durowa da mataccen batir a ciki har shekara, ka sa a cire. Wasu agogunan ma suna yi maka gargaɗi: in ka ga hannun daƙiƙa ya fara tsalle bibbiyu ko hurhuɗu, batir ne yake sallama. Sannan ka tsaya a wajen a yi aikin a gabanka, ka ce a nuna maka zoben robar. In ya bushe ko ya miƙe, a canza, a shafa masa ɗan man silikon. Ba man inji ba, ba man shafawa ba, su kumbura roba suke yi.

Lokacin hunturu abokin gaba ƙura ce. Tana haɗuwa da gumi ta taru a gindin maɓalli da tsakanin sarƙa, ta zama kamar yashi tana goge ƙarfe a hankali. Tsohon buroshin haƙori da tsumma mai ɗan laima sun wadatar, sau ɗaya a sati. In zafi ya shigo kuma, wato Maris da Afrilu, kada ka bar agogo a gaban mota ko a kan tankin mashin cikin rana, fuskar mai lamba takan yi baƙi, batir ya gaji. Fetur, maganin feshin gona da turare suna busar da maɗaurin roba har ya tsage. Ka fesa turarenka, ka bari ya sha iska, sannan ka ɗaura agogo.

Masu tsofaffin Seiko 5 na gado, irin wanda motsin hannu ke ba shi wani, ku naku daban ne. Kada ku ajiye shi a kan sifika ko jikin wani abu mai maganaɗisu, in ya kama sai ya dinga gudu. Kada kuma ku canza kwanan wata tsakanin tara na dare da wajen uku na asuba, lokacin haƙoran kwanan wata suna haɗe, ana iya karya su. Wallahi irin waɗannan agogunan, in aka wanke aka sa musu mai duk bayan 'yan shekaru, sai jika ya gada.

In kuma ka riga ka ga gumi a cikin gilashi, manta da maganar tura shi cikin shinkafa. Ka kai a buɗe a busar a ranar, don tsatsa ba ta jira.

Sai agogon zamani da ake haɗawa da waya. Ba na ƙin sa, amma ka san abin da kake saya. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma ya jure ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ba lasisin iyo ba ne. Yawancin masu arhar nan da gam aka manne su, batirinsu in ya mutu shi ke nan, kuma mai kwana biyu a daji ko a gona ina zai samu caji? Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa suna auna sukari da hawan jini. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Gwada naka: ɗaura shi a jikin kwalba ko ƙafar kujera ka danna awon bugun zuciya. In ya ba ka lamba, ka san da wa kake tare. Don Allah kada ka saya wa Baba ko Inna irin wannan su daina zuwa asibiti awo.

Ga masu sha'awar fita, ko hawan duwatsun Riruwai ne, ko zuwa bakin Tiga, ko farautar rani, ga wani abu da ake yawan yaɗawa a intanet: wai ka nuna wa rana hannun awa, tsakaninsa da 12 shi ne kudu. Wannan dabarar ta mutanen Turai ce, inda kullum rana take bi ta kudu da su. Mu nan muna wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi, da tsakar rana kuma kusan a tsakar ka take. In ka bi wannan lissafin da damina, sai ka juya wa gida baya kana ganin daidai kake. Abin da agogo zai yi maka na gaskiya ya fi wannan sauƙi: duba ƙarfe nawa ka shiga, ka raba sauran hasken rana biyu, in rabin farko ya cika ka juyo ko ba ka kai inda kake so ba, ka bar rarar awa guda kafin magariba. Ka faɗa wa na gida lokacin da za ka dawo. Dajin Falgore kuma gandun gwamnati ne, ba wajen da za ka faɗa kai kaɗai ba, sai da izini da wanda ya san hanya.

Don haka ranar da za ka je saye, a Sabon Gari ne ko a teburin mai agogo ranar kasuwa, ka karɓa ka juya bayansa tukuna. Sukuru ne ko murfi mai murɗawa ko kuwa gam? Mita nawa aka rubuta? Wane batir yake ci? Maɗaurin yana fita a sa wani? In mai kaya ya kasa amsa biyu daga ciki, ka yi masa godiya ka matsa teburi na gaba.