Mu Ci Kifi, Amma Kada Mu Bar Magani



A taron ƙungiya na watan jiya wani dattijo ya ce mini ya daina shan maganin hawan jini, wai ɗansa ya ji cewa masana sun gano magani a cikin kifi. Tun da muna da tafkin tarwaɗa, in ji shi, me zai kai shi asibiti? Na ga ya kamata in amsa a nan domin kowa ya ji.

Akwai gaskiya a maganar yaron. A jikinmu akwai wani sinadari da likitoci ke kira ACE, wanda ke sa hanyoyin jini su matse. In hanya ta matse sai jini ya hau, kamar ruwan tiyo idan an danne bakinsa. Masana a ƙasar Japan sun narkar da naman kifin teku, wato sadin da bonito, suka sami waɗansu 'yan guntayen abin gina jiki masu rage ƙarfin ACE ɗin nan. Tun 1991 gwamnatinsu take ba da izinin sayar da abinci na musamman domin lafiya, guntayen nan kuwa sun sami shiga daga baya.

Amma, Baba, ka lura da abu biyu. Na ɗaya, a masana'anta ake tace guntayen nan, ba daidai suke da miyar kifin gidanka ba. Na biyu, kaɗan suke saukar da jini, ga waɗanda nasu bai hau sosai ba. Maganin asibiti irin su kaftofiril, wanda aka soma sayarwa a 1981, shi ma ACE ɗin yake dannewa, da ƙarfin da ya fi na kifi nesa.

Akwai kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Kifin gwangwani, da busasshen kifi mai gishiri, da dunƙulen Maggi suna iya ɓata amfanin kifin duka.

Ga shawarata. In mun kwashe tafki, kada mu sayar duka, mu raba wa gidajenmu su ci. Zumuntar mata su rage gishiri, su ƙara daddawa da albasa da citta. Ƙungiya ta sayi na'urar awon jini, a riƙa auna kowa ranar taro. Wanda nasa ya yi ta kai 140 bisa 90, ya tafi asibiti.

Hawan jini ba ya sallama. In ɓarin jikin maigida ya shanye da damina, wa zai riƙe garma? Jikin nan amana ne daga Allah. Baba, ka ci kifinka, ka koma ga maganinka.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona