Kuɗin Fito da Masu Zaɓe: Ina Amfaninsa Yake?

Gabatarwa

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kama, akan ji 'yan siyasa suna kukan cewa takara ta zama sai mai hannu da shuni. Kaso mai tsoka na abin da suke kashewa kuwa yana tafiya ne ga abu guda, wato fito da jama'a daga gidajensu zuwa rumfunan zaɓe. Wannan maƙala za ta dubi lamarin ta fuskar garuruwan bakin iyaka na Jihar Kebbi, musamman Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, da ƙasar Bagudo wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Ra'ayin da za a kare shi ne, kuɗin da ke sauƙaƙa wa mai zaɓe hanya yana da hurumi a dimokuraɗiyya, amma wanda ake danƙa masa a bakin rumfa yana kashe zaɓen da ake cewa an zo rayawa.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Dokar zaɓe ta 2006 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa naira miliyan 500, na gwamna kuma miliyan 100. Ta 2010 ta ninka wannan adadi. Ita kuwa ta 2022 sai ta kai na shugaban ƙasa naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1. A daidai wannan tsakani, fitowar masu zaɓe sai raguwa take yi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2007 an ce kimanin kashi 57 cikin ɗari ne suka fito, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35, a 2023 kuwa kimanin kashi 27 kacal daga cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista.

Adalci shi ne a faɗi cewa darajar naira ta faɗi a waɗannan shekaru. Haka kuma na'urar tantance kati da aka shigo da ita a 2015, da BVAS da aka yi aiki da ita a 2023, sun rage aringizon ƙuri'u, don haka wasu alƙaluman baya na da kumburi. Duk da haka, babu yadda za a juya lissafin nan ya nuna cewa yawan kuɗi ya ƙara yawan masu fitowa.

Muhimmancin fitowar kuwa Jihar Kebbi ta gan shi da idonta. A zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris, 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana cewa zaɓe bai kammala ba, domin tazarar da ke tsakanin Nasir Idris na APC da Aminu Bande na PDP ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba. Sai da aka koma waɗannan rumfuna ranar 15 ga Afrilu kafin aka bayyana Nasir Idris a matsayin wanda ya yi nasara. Ashe ke nan makomar jiha sukutum tana iya rataya a kan ko mutanen wasu 'yan ƙauyuka sun fito ko sun zauna a gida.

Abin da ke Hana Mutumin Bakin Iyaka Fitowa

Kafin a yanke hukunci a kan kuɗin, ya kamata a san matsalar da aka ce yana magancewa. Babban zaɓe na 2015 da 2019 da 2023 duk ya faɗo ne tsakanin watannin Fabrairu da Afrilu, lokacin da samari da yawa suka tafi cin-rani, makiyaya suka yi kudu neman ciyawa, manoman shinkafa kuma suna fadama. Mai zaɓe ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunansa yake. Wanda ya yi rajista a Kamba, zaɓe ya riske shi a Legas, sai ya biya kuɗin mota zuwa da komawa. A ƙauyukan gaɓar kogin Kwara, kamar yankin Dole Kaina da Lolo, akwai waɗanda sai da kwalekwale suke isa inda za su. Ga shi kuma akan rufe iyakoki a hana zirga-zirgar motoci ranar zaɓe, alhali jama'ar wannan yanki kasuwancinsu da zumuntarsu a haɗe suke da na Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin.

Akwai kuma batun harshe. Ban da Hausa, ana magana da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a wannan yanki. Allon talla da aka rubuta da Ingilishi, komai tsadarsa, ba ya gaya wa tsohuwar da ke Illo ko Ka'oje yadda za ta dangwala yatsa ba tare da ta lalata ƙuri'arta ba.

Ina Kuɗin ke Tafiya?

Ana iya kasa kuɗin fito da jama'a gida uku. Na farko shi ne na isa ga mutane: man babur, abincin masu bi gida-gida, da alawus na wakilan jam'iyya a rumfuna. Na biyu shi ne na gangami: hayar motoci, atamfa, makaɗa da mawaƙa, da sallamar 'yan jagaliya. Na uku shi ne abin da ake rabawa daren zaɓe ko a bakin layi, kuɗi ne ko taliya ko sabulu. Abin takaici, na biyu da na uku su ne suka fi cin aljihu, alhali bincike ya nuna cewa albarkar tana ga na farko.

A shekarar 1998, wasu masana biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun yi gwaji a birnin New Haven na Amurka. Sun gano cewa zuwa ƙofar gidan mutum a yi magana da shi ido da ido ya ƙara fitowa da kimanin kashi 8 cikin ɗari, yayin da wasiƙa da kiran waya ba su taɓuka abin kirki ba. Bahaushe dama ya riga ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. A nan maƙwabta, Farfesa Leonard Wantchekon da abokin aikinsa sun gwada wani abu a zaɓen shugaban ƙasar Benin na 2006. A wasu ƙauyuka an maye gurbin gangami da rabon kaya da zaman tattaunawa tsakanin jama'a da wakilan ɗan takara, kuma fitowar masu zaɓe ba ta ragu ba. A Nijeriya ma, binciken Paul Collier da Pedro Vicente a kan zaɓen 2007 ya nuna cewa wayar da kai game da guje wa tashin hankali ya ƙara yawan masu fitowa. Wannan ya nuna cewa kuɗin da ake ba 'yan bangar siyasa korar masu zaɓe yake yi, musamman mata da tsofaffi.

Hujjar Masu Rabon Kuɗi

Masu kare rabon kuɗi sukan ce talaka ya bar sana'arsa ta yini guda, don haka ya cancanci a sallame shi. Wasu kuma sukan ce ai ranar ce kaɗai yake ganin wani abu daga hannun ɗan siyasa. Wannan magana tana da nauyi, domin yunwa ba ta san dimokuraɗiyya ba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi ƙuri'a yana ganin ya biya, ba a bin sa bashin asibiti ko makaranta ko hanya, kuma zai nemi mayar da jarinsa daga baitulmali. Bugu da ƙari, idan aka saba wa jama'a da fitowa don kuɗi, ranar da babu kuɗi ba za su fito ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗauki bayarwa da karɓa duka a matsayin laifi.

To, yaya za a bambance taimako da saye? Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan motar da aka kawo tana ɗaukar kowa ba tare da tambayar wanda zai zaɓa ba, taimako ne. Idan kuwa sai an nuna takardar ƙuri'a ko an yi rantsuwa kafin a biya, ciniki ne. Don toshe wannan kafa ne INEC ta hana shiga wurin dangwala ƙuri'a da wayar hannu tun 2018.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fahimtar cewa abubuwa uku ne ke fito da mai zaɓe: kusancin rumfa, kwanciyar hankali, da maganar mutumin da ya yarda da shi cikin harshen da yake ji. Na farko aikin hukuma ne, kuma ƙarin rumfunan da INEC ta yi a 2021, daga 119,974 zuwa 176,846, mataki ne da ya kamata a ɗora a kansa a ƙauyukan bakin kogi da rugage. Na biyu yana wuyan jami'an tsaro da 'yan takara. Na uku kuwa na jam'iyyu ne da masu faɗa a ji, har da malaman makaranta, waɗanda a harabarsu ake kafa rumfuna da yawa, kuma su ne ake tambaya a ƙauye idan magana ta shige duhu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jam'iyyar da ke son ƙuri'ar mutumin Kamba ko Bagudo, sai ta fara zuwa ƙofar gidansa tun ana rajista, ta kuma bayyana wa hukuma abin da ta kashe da inda ta samo shi. Shi kuma mai zaɓe, kafin ya miƙa hannu a bakin layi, ya raba abin da za a ba shi da kwanaki 1,461 na wa'adin shekara huɗu, ya ga nawa aka yi wa kowace rana tasa kuɗi.