Shigo da motoci: A daina yi wa motar tarihi kuɗin goro da ta gwanjo

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ga dukkan alamu masu tsara dokar shigo da motoci a ƙasar nan ba su yarda da wannan karin magana ba. A wurinsu, motar da ta gama galabaita a titunan Turai da wadda aka killace shekara 40 saboda darajarta duk tsofaffi ne, hukuncinsu ɗaya. A ganina wannan kuskure ne da ya kamata a gyara.

Bari mu fara da abin da mai son kawo irin wannan mota zai fuskanta. Idan tana tashi, zai iya sa ta a jirgin ruwan da ake tuƙa motoci a shiga da su, wanda ya fi araha. Idan kuwa ba ta tashi, ko yana gudun a ƙwarzane ta ko a zare mata wani abu da ba a ƙera irinsa yanzu, dole ya kama kwantena, ya kuma biya inshora. Da ta iso Tin Can ko Apapa, Kwastan ba a kan kuɗin sayenta kaɗai za su yanka haraji ba, sai sun haɗa da kuɗin jirgi da na inshora. Sannan ga harajin VAT da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, ga ladan ejan, ga kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kullum muddin takardu ba su kammala ba. Hanyar Kwatano ma an toshe ta, domin a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da batun shekaru. A 2010 an ƙayyade cewa kada motar hannu ta wuce shekara 15 da ƙerawa, daga baya aka rage zuwa 12. Haka kuma a 2022 Kwastan suka fara kimanta mota da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, alhali sai a 1981 wannan tsarin lamba ya zama ƙa'ida a Amurka. Ke nan motar 1970 ta faɗi jarrabawa tun kafin ta shiga aji.

Ban ce iyakar shekarun ba ta da hikima ba. Babu mai son Nijeriya ta zama jujin motocin da wasu suka gama ci. To amma ƙasashen da suka fi mu tsaurin doka sun ware motar tarihi daban. A Amurka, motar da ta cika shekara 25 ana barin ta shiga ko da ba ta cika ƙa'idojin tsaro na motocin zamani ba. A Birtaniya, wadda ta haura shekara 30, take a kan siffarta ta asali, kuma an daina ƙera irinta, ana ɗaukar ta a matsayin kayan tarihi: babu kuɗin fito, VAT kuma kashi 5 ne maimakon 20.

Wani zai ce wannan damuwar masu hannu da shuni ce, ina ruwan talaka? Amsar tana Kakuri. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504, wadda ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta ci gaba da fitowa daga can shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin ta. Ita ce ta ɗauki Gwamna, ta ɗauki amarya, ta yi jigilar Kano zuwa Legas. Yau ina suke? Da yawa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an auna su a sikeli. Al'ummar da dokarta ta ce tsohuwar mota bola ce, 'ya'yanta ma kallon da za su yi mata ke nan. Duk wanda ya tsaya gaban Mercedes ɗin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976, wadda ke gidan tarihi na Onikan, ya san mota na iya zama shaidar tarihi. Ban da haka, farfaɗo da irin waɗannan motoci aiki ne ga makanikai da masu fenti da masu ɗinkin kujeru, kuma tsofaffin masu gyaran Peugeot na tafiya da iliminsu ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da ake tsoro: da an buɗe ƙofa, kowace akwala za ta zama motar tarihi a takarda. Maganinsa shi ne sharuɗɗa bayyanannu. Motar ta kai shekara 30, ta kasance da injinta da jikinta na asali, a ba ta lamba ta daban, a hana yin haya da ita, kuma a wallafa kuɗin da za a biya domin kada a bar shi ga cinikin bayan fage.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastan da Majalisar Tarayya su sake duba wannan lamari. Kafin nan, shawarata ga mai niyya ita ce ya tabbatar da matsayin motar a wurin Kwastan a rubuce kafin ya biya ko sisi, domin gyara bayan jirgi ya taso ba ƙaramar asara ba ce. Wanda kuma ke da 404 ko 504 a bayan gida, ya rufa mata asiri, kada ya sayar da ita da kilo.