Ado Na Gida

Idan kana son tufafi masu kyau, kada ka ɗauka sai na ƙasashen waje. Ka ziyarci marinar Ƙofar Mata a birnin Kano. A can masu rini suke jiƙa baba da toka a cikin rami. Sukan tsoma farin yadi sau da yawa har ya zama shuɗi. Daga nan mabuga su buge shi har ya yi sheƙi.

Amma yau ramuka da yawa sun bushe, domin mun koma ga yadin kanti mai araha. A ganina, wannan babbar asara ce. Ka sayi ko da riga ɗaya, don kada sana'ar ta mutu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.