Sababbin Wasannin Talabijin: Ba A Saba Da Baƙo Dare Ɗaya

Daga Wakilinmu na Arewa

Kusan kowane wata sai an ji sanarwar wani sabon wasan kwaikwayo mai dogon zango, ko dai a gidan talabijin ko kuwa a YouTube. A buga hotuna, a tara 'yan wasa, a yi ta shela cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Amma kafin a kai kashi na goma sai ka ji tsit, ba mai zancensa a kasuwa, ba mai zancensa a tashar mota. Idan ka tambayi masu shiryawa sai su ɗora wa 'yan kallo laifi, wai hankalinsu ya koma kan wayar hannu da fassarar finafinan Indiya. Ni a nawa ganin wannan rabin magana ce. Abin da ke riƙe irin wannan wasa shi ne sabo, shi kuwa sabo ba ya samuwa sai da lokaci da cika alkawari, kuma waɗannan biyun su ne sababbin wasannin suka rasa.

Bari mu koma baya kaɗan. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Badun cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya cikin 1962, sa'an nan cikin 1977 gwamnatin soja ta haɗa tashoshin a ƙarƙashin hukumar NTA. A wancan zamani tasha ɗaya ce ko biyu a gari, sai da yamma take buɗewa, kuma akwati ɗaya kan ishi unguwa guda, yara a ƙasa, manya a kan benci. A cikin wannan hali ne wasan Village Headmaster na Ikko ya yi shekara ashirin, daga 1968 zuwa 1988. A cikinsa ne kuma aka fara Cock Crow at Dawn a Jos cikin 1980, da kuɗin bankin UBA, don a jawo hankalin jama'a ga noma, inda marigayi Kasimu Yero ya fito a matsayin Gaga, marigayi Sadiq Daba kuma ya fito a matsayin Bitrus.

Wanda ya fi kusa da zuciyar masu karanta wannan shafi, ina tsammani, shi ne Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda Allah ya yi wa rasuwa cikin 2023, soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa, don haka ya san bariki ciki da waje. Hausarsa gauraye take da Turancin bariki, har Bayarabe da Ibo suna zama su kalla su yi dariya tare da Bahaushe. Ba labarin ne ke dawo da mutane kowane mako ba, don sau da yawa labarin bai taka kara ya karya ba. Shi Samanjan suke zuwa gani, sun san halinsa, sun san abin da zai tunzura shi, kamar yadda mutum ya san halin maƙwabcinsa.

Wani zai ce ai waɗannan ba su da abokin gasa ne. Gaskiya ne. Amma akwai abin da ya fi wannan. Yawancin masu shirya su ma'aikatan tasha ne masu albashi, kayan aiki na tasha ne, lokacin nunawa ma na tasha ne. Idan wasa ya fara da rauni sai a bar shi ya yi rarrafe har ya miƙe. Bayan dokar 1992, wadda ta kafa hukumar NBC ta kuma ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, al'amari ya juya. Aka wayi gari mai wasa shi ne zai sayi lokaci a wurin tasha, shi ne kuma zai bi kamfanoni yana neman talla. Kamfani kuwa ba ya zuba kuɗinsa sai inda ya ga jama'a sun riga sun taru. To, jama'a ba su taruwa sai wasa ya daɗe, wasa ba ya daɗewa sai da talla, talla ba ta zuwa sai da jama'a. Ga tasha kuma, sayen tsohon wasan Meziko ko na Indiya ya fi araha nesa ba kusa ba a kan shirya sabo.

Da masu wasan Hausa suka koma YouTube sai suka ga kamar sun huta da wannan wahala, ashe wata suka shiga. Can ana biya ne bisa yawan masu kallo, kuma abin da ake biya a kan ɗan kallon Nijeriya bai kai na ɗan kallon Ingila ko Amurka ba. Don haka sai a ja labarin da bai wuce kashi goma ba a mai da shi hamsin, a cusa tallar magani da ta filaye a tsakiya, mutum biyu su zauna a falo su yi ta maimaita abin da muka riga muka gani da idonmu. Mafi muni kuma, sai a ɗauki kashin wannan mako da kuɗin da na makon jiya ya kawo. Ranar da kuɗi suka yanke, ko jaruma ta yi fushi ta tafi, sai wasa ya tsaya ba ko sallama.

Yanzu fa a dubi ɗan'uwanmu da ke zaune a nan Kudu. Mai shayi ne a Obalende, ko mai gadi a Ikoyi, ko mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, ko mai fawa a Agege, ko mazaunin Sabo a Badun. Ya yi yini yana fama, lokacin da ya rage masa bai fi awa guda ba. Wuta ba ta da tabbas, man janareta ya yi tsada tun da aka cire tallafi cikin 2023, data ma da kuɗi ake saye. Wannan mutum ba zai kashe 'yar awarsa da 'yan kuɗinsa a kan baƙon da bai sani ba, wanda watakila ya ɓace bayan mako shida. Kuma ba shi kaɗai yake kallo ba. Biyar ko shida ne a kan waya ɗaya, sai abin da suka yarda da shi gaba ɗaya, kuma yana so idan ya buga waya gida ya tarar maiɗakinsa ita ma ta ga abin da ya gani, su taɓa hira a kai. Sabon wasa ba ya ba shi wannan.

Kada a ce zamani ne ya kashe abin, don muna da shaida. Tashar Arewa24 ta fara aiki cikin 2014, ta kawo Daɗin Kowa da 'yan wasan da yawancinsu ba a san su ba. Gari ne na ƙirƙira, amma akwai mai shayi, akwai malamin tsangaya da almajiransa, akwai Kirista a cikin maƙwabta, akwai samarin da ƙwaya ta lalata. Tasha ta riƙe shi a ranarsa da lokacinsa shekara da shekaru, har Kamaye da Adama suka zama kamar 'yan gida, ana kiran masu fitowa da waɗannan sunaye a kan titi. Haka Kwana Casa'in cikin 2019 da siyasar Alfawa, haka Labarina cikin 2020. Duk a zamanin wayar hannu aka yi su, kuma fassarar Indiya ba ta hana a kalle su ba.

Su kuwa masu biyo baya me suka kwaikwaya? Tsawon kawai. Ka buɗe wasa biyar ka tarar da fuskoki guda, yau wane shi ne attajiri a nan, gobe shi ne direba a can, har ɗan kallo ya rasa a wane gida ya bar shi. Gidan bene ne, mota ce, ɗan mai kuɗi ne ya ga 'yar talaka, uwarsa ta ce ba ta yarda ba. Haba jama'a! Mutum nawa ne daga Sakkwato da Katsina da Damagaram ke neman abinci tsakanin Ikko da Fatakwal, suna kwana a rumfa, suna aika kuɗi gida, suna koyon Yarbanci da bakin kasuwa? Ga labari jibge, da ban dariya da ban tausayi, amma ba kasafai ake waiwayarsa ba.

Hukuma ma tana da nata. Cikin 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar dakatar da wasanni 22, har da manyan, a kan cewa ba a kai mata su ta duba kafin a saki ba. Babba yana iya jure irin wannan tsaiko don jama'a za su jira shi, ƙarami kuwa in ya yi mako uku ba ya nan an manta da shi. Wannan ma dalili ne da zai sa mai sabon wasa ya kammala zango guda cif, ya kai a duba, ya aje kuɗin na biyu, kafin ya sa ranar fitowa. In ya ce Juma'a da ƙarfe takwas, to, mai gadin Ikoyi ya same shi ran Juma'a da ƙarfe takwas.